Sanarwar Rasuwata Tana Wayar Inna

Suleja

Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki, da Inna, da yara. Ga rubutun hannuna kowa ya gani: ban mutu ba! Ishaku direba, wanda zai kawo miki takardar nan, da ya gan ni a tasha sai ya saki ledar ruwan da ke hannunsa yana salati. Shi ya faɗa mini har tabarmi kuka shimfiɗa a ƙofar gida a Funtuwa.

Ga yadda aka yi. Haya ta matse ni, na ci bashi a wani kamfani mai ba da rance ta waya. Na makara da biya, ban musa ba. Amma Yaya, kira suke tun ina layin motar Abuja har in dawo. A wurin aiki kira, a masallaci kira, yarinyar da na haifa a shekaru tana ce mini ɓarawo. Na gaji, na kashe wayar na cusa ƙarƙashin katifa. Ashe tun ranar da na ci bashin sun kwashe lambobin wayata. Sai suka haɗa hotona da sanarwar rasuwa, suka tura wa duk lambar da na adana da sunan Inna, Yaya, Kawu ko Gwaggo. Kuka kira kuka ji a kashe. Me za ku ce?

To ji albishir! Maƙwabciyata Lidiya ta taɓa faɗawa hannun irinsu. Ta ce bashi daban, cin mutunci daban. Ta raka ni hukumar kare haƙƙin masu saye a Abuja. Ashe kamfanin ba su da ikon zagina ko bin dangina, balle yi mini ƙaryar mutuwa! An ce in rubuta musu su daina kira, su neme ni a rubuce, in kuma kawo shaida. Shaidar tana wayoyinku, don ni mamacin ba a turo mini ba. In babu ita, maganata ce da tasu. Don Allah ki tattaro mini.

Na bar ki lafiya.
Ƙaninki, Ghali

*

Funtuwa

Ghali,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi! Na yi kuka, na yi guɗa, yanzu saura in kama kunnenka. Mutum ya kashe waya bai gaya wa kowa ba? Shinkafar sadakarka dai an cinye, ta yi daɗi. Gwaggo Lauratu ta zo gaisuwa tun daga Bakori, ta ce kuɗin motarta yana wuyanka.

Maganar shaida kuwa, ka makara. Da Ishaku ya kawo labari, Kawu Bamalli ya ce ajiye wannan saƙo mugun fata ne. Ya tara mu a zaure, kowa ya goge a gabansa, har ni.

Mutum ɗaya ta ƙi: Inna. Ta ɓoye wayarta cikin kwalla. Ta ce tun tafiyarka ba ta ga fuskarka ba sai a wannan hoton, wai ka rame. Na ce ta kawo in tura maka, ta ce in aka tura ai ya bar wayarta ke nan. Na rantse mata ba haka ba ne, ta ce ni ma ai na rantse ka mutu. Maganarta ta ƙarshe: mai hoton ya zo da ƙafarsa ya karɓa.

Allah ya tsare.
Yayarka, Bara'atu

*

Suleja

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Da na karanta takardarki na yi fushi. Shekara da shekaru ina cikin cunkoson hanyar nan ina turo abin da na samu, ba wanda ya ce ya yi kewata sai da aka ce na mutu. Daga baya na tuna ni ma ban taɓa zuwa an hana ni shiga ba.

Na kunna wayata. Na rubuta wa kamfanin, na faɗa musu yadda zan biya kaɗan-kaɗan, kuma zan biya, haƙƙinsu ne. Nawa haƙƙin yana cikin kwallar Inna. Oga ya ba ni hutu, Ishaku ya ajiye mini gidan gaba ranar Juma'a!

Gwaggo da kuɗin motarta kuwa, ta shiga layin masu bina bashi, amma a rubuce. Kada Kawu ya kusanci kwallar nan.

Ki ce wa Inna kada ta goge, kada kuma ta ƙara kallonsa. Ina kawo mata na gaske.

Sai na iso.
Ghali