Hannun Hagun Usta Gabir

Dumyat, ƙasar Masar, Talata 9 ga Mayu, ƙarfe 11:40 na safe

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ciwon bayan naka? Ina fata Mama tana shan maganinta kan lokaci.

Ina ɗakin hutun likitoci, an kore ni daga ɗakin tiyata minti ashirin da suka wuce. Gara ka ji daga bakina.

Muna da majinyaci, Usta Gabir, masassaƙin kujeru, shekararsa sittin da uku. Jijiyar jinin ƙafarsa ta toshe, yatsa ɗaya ya fara baƙi. Ta matsematsi ake zura siririn bututu a buɗe ta, amma nasa duka biyun ba hanya. Sai Farfesa Mamduh, shugaban sashenmu, ya ce a bi ta gwiwar hannun hagu. A takarda an rubuta da dama yake aiki.

Da na kama hannunsa zan duba bugun jini, sai na ji duk kantar a hagu take. Ashe bahago ne. Da dama yake cin abinci yake rubutu, don da sanda aka koya masa, shi ya sa ya amsa musu haka.

Jijiyar hannu siririya ce, Baba. Tana iya toshewa, ko jini ya taru ya danne jijiyar da ke motsa yatsu. Ta dama kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi yawa. Ba wanda ya gaya masa ko ɗaya. Na tare gadon a bakin ƙofa, na ce sai an gaya masa. Farfesa ya ce, "Ke 'yar jiya, tawadar takardarki ta ma bushe kuwa?" Ban matsa ba, sai ya ɗage aikin, ya kore ni.

'Yarka,
Nirmin

Dumyat, Alhamis 11 ga Mayu, ƙarfe 4:15 na yamma

Baba,

Ina gaishe ka da Mama. Na ga saƙonka, kuma ka yi haƙuri, ba zan je in ba Farfesa haƙuri ba.

Jiya na yi wa Usta bayani. Ya ce, "'Yata, a bi ta hagun. In ɓarin jikina ya mutu, wa zai ɗauke ni? Amma ki tsare min hannun nan."

An gama aikin yau ƙarfe goma, jini ya sauka ƙafar. Duk minti goma sha biyar nake duba hannun. Ƙarfe 12:30 ya kumbura, babban yatsa da manuni suka daina ji. Na shiga tsakiyar taron shugabannin sashe ban ƙwanƙwasa ba. Farfesa ya harare ni, amma ya taso. Ƙarfe 1:20 aka kwashe jinin, aka ɗinke jijiyar.

An ce in rubuta takardar neman afuwa kafin Lahadi. Zan rubuta musu lokutan nan kawai.

Abin da ban sani ba har yanzu: ko za su bar ni a sashen, ko wani zai duba hannun da wuri da a ce ban yi magana ran Talata ba, ko babban yatsan zai dawo. Ɗazu na miƙa masa alƙalamina, ya riƙe daƙiƙa huɗu, ya faɗi.

Ku sa shi a addu'a.

'Yarka,
Nirmin