Madarar Dutsen Bogd

Litinin, 4 ga Maris, 2013
Na tare a hawa na tara, gidan ɗana Ganzorig. An naɗe tantinmu na gefen Ulanbator, katafila ta shiga filin. Nan ruwan zafi a famfo yake, ba hura gawayi, ba hayaƙi. Kowa cewa yake na huta. To, na huta.
Abu ɗaya ya sanyaya min rai: daga baranda ana hango Dutsen Bogd. Da safe, bisa al'adarmu ta girmama shi, na watsa masa shayin madara na farko da cokalin katakon da marigayi mijina Lhagba ya sassaƙa min. Tun ina amarya ban taɓa fashi ba.

Asabar, 9 ga Maris
Ashe a kan motar mutumin hawa na biyu madarar take sauka. Ya hawo yana huci, wai "Iya, nan fa ba ƙauye ba ne." Ganzorig ya ba shi haƙuri, ya juyo gare ni: "Inna, ki riƙa yi ɗigo-ɗigo." Dutse guda, wai ɗigo-ɗigo.

Laraba, 17 ga Afrilu
Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yau. A tanti ma wa yake ƙwanƙwasawa, shigowa kawai ake yi.

Lahadi, 26 ga Mayu
Sun rushe tsohuwar masaƙar gwamnati da ke gabanmu, inda na ƙare ƙuruciyata. Narantuya, matar Ganzorig, ta ce bene za a yi, dogo, duk gilashi. Na ce dutsen fa? Ta yi dariya: "Inna, ina zai je?"

Juma'a, 12 ga Yuli
Kafaɗar dutsen ta hagu ce kawai ta rage, ita ma sai na riƙe ƙarfen baranda na leƙa. Tsoro nake ji. In ina watsa madarar nan, ji nake kamar Lhagba yana tsaye a bayana yana tarinsa na safe. Ba inda nake samunsa sai nan.

Litinin, 19 ga Agusta
Sabon benen ya rufe dutsen. Na watsa duk da haka, saitin inda na san yake. Wani magini ya ɗago min hannu, ya zaci gaishe shi nake yi.

Talata, 10 ga Satumba
Shayi ya yi daɗi yau. Na zauna na shanye kofin farko da zafinsa, ina kallon masu goge gilashi. Sai da na zo wanke-wanken rana na ga cokalin a rataye, a bushe ƙayau.
Mantuwa ce kawai. Jiya ma mantuwa ce.