Tirelar Auta

Uwar yarana,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, in ban da yatsuna biyu da na manne da gam.

Kin tuna Auta ta ce ba ta yarda ina aiki ba sai ta ga irin motar da nake wa lodi? To, na sayo ƙananan bulon roban nan na wasan yara, na jefar da takardar bayani, wai ni injiniya. Na haɗa kai ja, da bodi tsawon hannuna, da tayoyi reras. Don kada ta wargaje a hanya na bi ta da gam, har mahaɗar kai da bodi. Yanzu ba ta shan kwana, sai dai ta miƙe.

Makaniken da muke ɗaki ɗaya ya duba ya ce, "Malam, wannan in ta tafi ba ta dawowa, kamar mai ita."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Na samu lokacin haɗin ne don an ɗan rage mana ranakun aiki. Kada Inna ta ji. Manaja ya ce wata mai zuwa kaya za su dawo. Ciwon bayana ma ya yi sauƙi.

Ni da makaniken muna ɓamɓare mahaɗar da wuƙa a hankali, da ta juya zan aiko. Ki ce wa Auta bashin mota ya kusa fita. Saura na ganin ubanta, wannan kuwa ba a aikawa, da ƙafata zan kawo, in Allah ya yarda.

Naki,
Baban Auta