Gaisuwar Gidan Malam Mamuda

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Na dawo Ikara. Mama ta kawo min ruwa a kofin baƙi, ta tambaye ni ya mutanen gidanmu. Na ce suna lafiya.

Laraba, 7 ga Mayu
Yau na bi bayanta. Kullum da safe sai ta yafa mayafi ta tsallaka gidan Inna Mairama gaisuwar mutuwa. Malam Mamuda, mijin Inna, ya rasu tun ina jami'a, amma a wajen Mama jiya aka binne shi. Likita a Zariya ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gidaje da yawa na fama da shi, ɓoyewa ake yi. Matan cocinmu sun ce gigin tsufa. Ɗaya ta ce hannun mutane ne. Ita ta fi likitan tabbaci.

Asabar, 10 ga Mayu
Yaya Felix ya kira daga Kaduna. Ko a sa kwaɗo a ƙofa, ko ya zo ya tafi da Mama gidansa na bene, inda ba ta san kowa ba. "Kullum tana fama wa baiwar Allah ciwo, Diana. Da kunya." Na zaɓi kwaɗo. Mai tsada ma na saya.

Lahadi, 11 ga Mayu
Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta har rana ta take. Ta ƙi abinci. "Za a ce ba mu je ba."

Litinin, 12 ga Mayu
Inna Mairama ta zo da kanta, ta buga ƙofar da sandarta.
"Malama mai digiri, wa ya aike ki?"
Na fara yi mata bayanin ƙwaƙwalwa. Ta bari na gama tsaf.
"Da Malam ya rasu, uwarki ce ta tare a ɗakina tana dama min kunu. Ana yin arba'in kowa ya kama gabansa. Yau duk garin nan ita kaɗai ke kiran sunansa. Ni ban kawo ƙara ba. Buɗe min abata."
Na buɗe. Na rasa inda zan sa idona.

Alhamis, 15 ga Mayu
Kwaɗo ya koma akurkin kaji. Yaya ya ce idan wani abu ya faru ba ruwansa. Amma ya tambayi me Inna ke so a kawo mata.

Litinin, 19 ga Mayu
Na raka Mama, don in lura da babura kawai. Inna ta riga ta shimfiɗa tabarma.
"Ya haƙuri, Mairama?"
"Da godiya, Martina."
Sai Mama ta zungure ni: "Ke baƙuwa, ba kya gaisuwa ne?"
Na durƙusa na yi. Na share hancina. Mura ce, ina jin.
A hanya ta riƙe hannuna. "Kina da tarbiyya, 'yar nan. In kin koma ki gaida uwarki."
Na ce za ta ji.