Ta Zo Mini da Fuskar Marigayiya

Hajiya Biba, salamu alaikum. Ki taimake ni da amsa, don a gidana an mai da ni bango, in yi magana ta dawo mini. Ban yi lakkwal ba, ban iya rubutu ba. Maƙwabcina Malam Ilya ke rubuta wannan, na kuma ce masa kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Tun ranar sadakar bakwai ta mai ɗakina nake tambayar abu guda: wa ya ɗauke tandun kwallinta da hotonta daga gaban madubi? Shekara da shekaru ke nan. Ɗana Nasiru, da ke zaune a Saint-Denis, gefen Paris, ya ce in bar maganar. Matarsa ta ce ba ta gani ba. To aljani ne ya hawo bene a unguwarmu Minguettes ya ɗauka?

Bari ki ji ko wace ce. A Damagaram na fara ganinta, bakin silima, lokacin da 'yammata ke kwaikwayon matan fim ɗin Indiya. Duk suna yi, amma ita ta fi su. Ta kan zizara kwalli ta ja masa wutsiya har gefen ido, ta sa jan-baki mai duhu, ta ɗiga katambiri a kunci, ta yafa gyale rabin kai. Da muka yi aure na kawo ta Lyon, fuskar nan ba ta ƙara fita waje ba. In dawo daga aiki da dauɗar inji har wuya, in tarar da ita a haka, cikin ɗakin da ko rana ba ta shiga. Tawa ce, Hajiya. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, yanzu ma ba zan fara ba.

Ɗiyar Nasiru ta ci sunanta, shi ya sa ake sakaya sunan, ana ce mata Lina. Aikinta makiyaj, kwalliyar fuska ke nan, wai tana mai da mata irin taurarin silima na da, tana sawa a talho duniya na kallo. Ban hana ba. Ba a ma tambaye ni ba.

Ranar babbar Sallah da la'asar aka buga ƙofa. Na buɗe, sai ga matar da na sa a rami da hannuna tsaye tana murmushi. Wutsiyar kwallin, jan-bakin, gyalen, har tsayin. Na dafa bango, na mai da ƙofa na sa makulli. Ina jin muryar Lina tana kiran Papi, Papi, wai surpiriz ce, ba-zata, ta zo mini da ita tun daga Paris, ga tandun Mami, kakarta, ma a hannunta. Ashe can yake! Ban buɗe ba, kuma ko yau aka sake ba zan buɗe ba. A garinmu jika kan tsokani kakanta, ta ce ita ce amarya, ya kawo kuɗin cefane. Amma ba a tono kabari a yi wasa da shi. Ko ɗigon ma ba ta iya ba, a dama ta sa, na marigayiya a hagu yake.

Tun ranar ba ta kira ni ba. Nasiru ya ce ta yi kuka a jirgin ƙasa har Paris, wai ni ne da laifi. Ni da na kwana uku ban ci abinci ba, wa ya tambaye ni?

Yanzu aurenta ya matso, ni ne waliyyi, don Nasiru ba zai bayar da ɗiya ina raye ba. An aiko mini da tikiti. An kuma ce da wannan fuskar za ta fita ranar biki, gaban maza da kyamarori. Na rantse da Allah ba zan taka Saint-Denis ba sai an dawo mini da tandu, ta kuma wanke fuskar. Malam Ilya na girgiza kai, ya girgiza. Na tambayi ɗana, na tambayi limami, kowa sai ya ce haƙuri. Haƙuri ba amsa ba ne. Fuskar matata tawa ce ko ta duniya? Wani ya amsa mini!

Tsohon Damagaram, Minguettes, Lyon

*

Baba, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Ga amsa, kuma ba haƙuri zan ce ba.

An yi maka laifi biyu. Ɗaukar tandu da hoto ba tare da izininka ba kuskure ne, ɓoye maka shekaru ya fi shi muni. Wannan tsakaninka da Nasiru ne, ka kira shi ya faɗi gaskiya ya nemi gafara. Na biyu, ba a yi wa mai takaba a zuci irin wannan ba-zata. Duk wanda ya buɗe ƙofa ya ga abin da ka gani, dole ya razana.

Sai dai ka duba ta ɗaya gefen. Yarinyar nan a Faransa aka haife ta, a wurinsu ba-zata kyauta ce. Taurarin silima sun cika duniya, ta tsallake su duka ta zaɓi kakarta, kuma kafin kowa ya gani kai ta fara kawo wa. Mai izgili ba ya yin wannan tafiya da tandu a hannu. Wataƙila ma dawo maka da shi ta zo yi.

Ka ce fuskar taka ce. Wadda Mama ta yi maka a ɗaki taka ce, ba mai karɓe ta. Amma idon da hancin da ke jikin Lina gado ne, ba ta sata ba, ba ta kuma iya wankewa.

Akwai abin da na lura. Cikin ƙiftawar ido ka gane ɗigon ya sauya kunci. Daga hoto ta kwaikwaya a madubi, dole hagu ta koma dama. Duk duniya kai kaɗai ka rage da ya san wannan.

Ga shawarata. Rantsuwar da za ta yanke zumunci ana warware ta da kaffara, limaminku zai gaya maka yadda ake yi. Kada ka jira ranar biki. Ka je da kwanaki a gaba, ka ce ta zo maka da fuskarta wankakkiya, ta yi kwalliyar a gabanka daga farko, a hankali, don idonka ya ga jikarka ce ke ƙarƙashin kwallin. In abin ya yi nauyi ka ce ta tsaya. A nan za ku yi maganar kyamarori: za ka iya roƙonta ta bar wannan fuskar ga zaman mata da ɗakin mijinta, kamar yadda kakarta ta yi. Roƙo na ce, Baba, ba sharaɗi ba. In ka ƙi zuwa, za a ɗaura auren da wani waliyyi, kai kuma ka rasa tandu, ka rasa mai sunan.

Ka nemi a amsa maka, na amsa. Saura wadda ta buga ƙofarka ranar Sallah, ita har yau ba a amsa mata ba. Ka ɗauki talho. Ranar kwalliyar kuma, in ta kai ga ɗigon, ka nuna mata hagu.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya sa albarka a auren.

Hajiya Biba