Hajjin Baba

Madinat Nasr, Alƙahira

Zuwa ga ƙanwata Bakhita,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya ƙafar taki, ya mutanen Kasala? Ni lafiya lau. Surukata Mahasin ke rubutawa, ni ina faɗa.

Na ji ɗana Bakri ya yi miki alkawarin bana zai yi wa marigayi mijinki hajji, tunda shi ya sauke nasa. To ma'alish, ki yi haƙuri, roƙo na zo. Ki bar wa Baba.

Za ki ce ai Baba Alhaji ne. Ba Alhaji ba ne, Bakhita. Dako yake yi a bakin ruwa, shugaban lebura ya zage shi ta uwa, ya fasa masa kai. Turawa suka sa shi a jirgin ruwa da mari a ƙafa, sai wani tsibiri da ba ko bishiya. Shekara bakwai yana fasa dutse. Kin san mutanenmu, duk wanda ya hau jirgi a Bahar Maliya Makka ya nufa. Da ya dawo aka tarye shi da guɗa, tsofaffi na shafa rigarsa. Kunya ta kama bakinsa, ya auri Inna, sunan ya zauna. Kin tuna ba ya zama in ana hirar Arfa? Ni ya gaya wa yana jinya, ya ce har ruwan rijiya aka zuba masa a kwalba ya raba a matsayin Zamzam. Shekara hamsin kowa na yi wa nasa mamacin hajji, shi an tsallake shi.

Ki yi tunani. Yayarki,
Hauwa

Alƙahira, bayan Babbar Salla

Bakhita ƙanwata,

Barka da salla, ya jikoki? Saƙonki ya iso, har da faɗan. Na karɓa, kin fi ni gaskiya, ban kyauta ba da na ɓoye miki. Amma kin bari, Allah ya biya ki. Na mijinki baɗi, Bakri ya rantse.

Ya kira ni daga Arfa. Na ji da kunnena yana Labbaika da sunan Baba, Tijjani ɗan Haruna, ba Alhaji a gaba. Na yi kuka, sannan na ci tuwo malmala biyu.

Khalas, shi ke nan. Ki gaya wa yaranki su ci gaba da cewa Alhaji, yanzu ba ƙarya.

Yayarki,
Hauwa