Jinina da na Yaya Kaltuma

Litinin, 6 Maris 2023
Na je asibiti karɓar maganin sida, wato ƙanjamau. Madam Fatiha, nas ɗinmu, ta ce ana wani bincike kan ƙwayar da ke kawo sankarar bakin mahaifa. Suna son ganin yadda jinin mace ke tayar mata da garkuwa, a masu irin cutata da waɗanda ba su da ita. Ta ce in ina da 'yar'uwa mai lafiya in zo da ita. Na ce to, don dai ta ƙyale ni.

Alhamis, 9 Maris
Yaya Kaltuma ta yarda. Ta rufe shagon ɗinkinta muka hau taksi. A hanya sai faɗa take wai na rame. Tun da mijina Mohaman ya rasu ya bar ni da wannan abu ita ke riƙe da ni, ita kaɗai ta sani a gidanmu. An ɗebi jini, an duba mu ta ƙasa. Ta fito fuska a murtuke. "Don ke na yi, Zuhura."

Talata, 28 Maris
Azumi. Ruwan sama tun hantsi, kwatar ƙofar gida ta cika. Ba labari.

Juma'a, 14 Afrilu
Sun kira mu. Likitar ta ce jinina ya nuna na gamu da ƙwayar har kala-kala, jikina ya tayar mata da garkuwa. Ta ce wannan shaidar haɗuwa ce kawai, kada in ɗauke ta magani, in riƙa zuwa ana duba ni. Amma bakin mahaifata lafiya lau. Na yi zaton ban ji faransancin daidai ba, sai da Madam Fatiha ta maimaita da Hausa.
Yaya kuwa jininta bai nuna komai ba. A dubawar ƙasa aka ga ciwon. Ya yi nisa.
Ashe ta daɗe tana ganin jini, tana cewa shekaru ne. Muka hau taksi. Wajen unguwar Tsinga ta tuna da 'yarta, ta ce, "Kada ki gaya wa Jiddah."

Laraba, 3 Mayu
Ni ce ya kamata ciwon nan ya kama. Kowa ya san ni ce, har ni. Allah Ka yafe mini, da na ji sakamakona sai da na ji sanyi a raina, tana zaune a gefena.

Talata, 20 Yuni
Maganin sankarar na kayar da Yaya. Amai, gashi na zuba. Ko ƙamshin suya ya shigo daga titi sai ta juya kai. Ni ke mata wanka yanzu. Cinyoyinta duk sun zube. Jiddah ta daina tambaya, shekararta goma sha ɗaya amma ba wawiya ba ce. Kekunan ɗinkin suna nan a rufe.

Lahadi, 13 Agusta
Ta kama hannuna ta ce in riƙe Jiddah. Na ce, "Yaya, kin manta abin da ke jikina?" Ta ce, "Ke kina shan maganinki. Ni ce ban taɓa zuwa an duba ni ba." Sai ta nemi ruwa.

Asabar, 2 Satumba
Yaya ta rasu jiya bayan la'asar. An kai ta yau.

Litinin, 16 Oktoba
Na kai Jiddah allurar rigakafin ƙwayar. Maƙwabta sun ce tana hana haihuwa. Jiddah ta runtse ido, ba ta yi kuka ba. Mai allurar ta ce wace ce ita a wurinki, na ce 'yata.
Kafin mu fito na leƙa wurin Madam Fatiha, ba don komai ba, gaisuwa ce. Sai na ji bakina na tambayarta mutum kan kai shekara nawa in yana shan maganin nan yadda ya kamata. Ban taɓa tambaya ba. Ta ce har tsufa, in Allah Ya so.
Na fito. Jiddah na jirana a waje da audugar a damtsenta.